Lambun Gida a Ƙasar Gusau: Lokacin Shuka, Ƙasa, Ruwa da Abokan Lambu

Lambun gida shi ne ɗan wurin da ake keɓewa a bayan ɗaki ko a gefen tsakar gida domin shuka kayan miya, ganyaye da 'yan itatuwa. A Furfuri da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bungudu, haka kuma a Gusau da Tsafe, al'ada ce daɗaɗɗiya a ga zogale a gindin katanga, kabewa tana yaɗo kan danga, ga lalle a kusurwa. A 'yan shekarun nan al'adar ta sake samun daraja, saboda tsadar cefane da kuma rashin tsaron da ya raba manoman Zamfara da yawa da gonakinsu na nesa. Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa, lambun gida ba zai cika rumbu ba, amma yana rage kuɗin miya, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Lokacin shuka

Yawancin asarar da masu lambu ke yi tana zuwa ne daga shuka abu a lokacin da ba nasa ba. Damina a wannan yanki tana kamawa daga Mayu ko Yuni zuwa farkon Oktoba, ruwa kuma ya fi yawa a Agusta. Wannan ne lokacin kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, alayyafo da kabewa, kuma shi ne lokacin dasa itatuwa irin su gwaiba, lemun tsami, mangwaro da gwanda, domin saiwarsu ta kama kafin rani.

Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin tumatir, albasa, latas, karas da kabeji, waɗanda ke son sanyin dare. Ana yafa irin tumatir a Oktoba, a dasa shi bayan kimanin mako huɗu. A bazara kuwa, musamman Afrilu da zafi kan kai digiri 40, furen tumatir zubewa yake yi ba tare da ya ƙulla 'ya'ya ba. Mai lambu sai ya taƙaita ga zogale, alayyafo da kuɓewa, ya yi musu rumfar zana ko ta tsohon buhu a kan rana ta tsaka.

Ƙasa da taki

Ƙasar da ta dace ita ce mai laushi, wadda ruwa ke ratsawa ba ya kwanciya. Ana haɗa kashi biyu na ƙasar gona da kashi ɗaya na yashi da kashi ɗaya na takin gargajiya. Dole takin ya ruɓe sosai, ya yi baƙi, warinsa ya tafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Ɓawon kayan miya, busasshen ganye da ɗan toka, idan aka tara su a rami ana yayyafa musu ruwa ana juyawa, kan zama taki cikin wata biyu zuwa uku.

Inda aka ɗebo ƙasar ma abin lura ne a Zamfara. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, bayan an riƙa niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Dalma ba ta ruɓewa, tana zama a ƙasa shekara da shekaru, ƙurarta kuma tana maƙalewa a ganye da hannun yara. Don haka kada a sayi ƙasa ko yashi daga wurin haƙar ma'adinai ko inda ake sarrafa su, haka nan daga juji ko wurin da ake fasa tsofaffin batura.

Noman buhu

Wanda ke gidan haya ko tsakar gidansa siminti ne yana iya shuka a buhu. Ana samun buhun shinkafa mai kilo 50, a huda ƙasansa wurare da dama, a cika shi da haɗin ƙasar, a ɗora kan duwatsu inda rana ke samunsa kamar awa shida a yini. Buhu ɗaya yana ɗaukar tumatir ko tattasai ɗaya zuwa biyu, ko kuɓewa biyu. Alayyafo kan isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, kuɓewa kuma ta fara 'ya'ya cikin wata biyu. Zogale a riƙa datse kansa idan ya kai ƙirjin mutum, sai ya yi rassa ganyensa ya yawaita.

Tattalin ruwa

Ban ruwa ya fi amfani da sassafe ko da yamma, a gindin shuka. Rufe gindin da ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa yana hana laima saurin tafiya. Wata tsohuwar dabara ita ce binne tulun ƙasa har wuya a tsakiyar shukoki, a cika shi da ruwa a rufe bakinsa; ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali gwargwadon bushewar ƙasar. Ruwan wanke shinkafa da na kayan miya duk suna da amfani, amma a guji ruwan wanki mai sabulun gari da ruwan kwata.

Shukokin tukwane

Na'ana'a da ɗoɗɗoya suna rayuwa sosai a tukunya a baranda, ga ƙamshi ga amfani a shayi da miya. Abin da ya fi kashe shukar tukunya shi ne yawan ruwa. A tabbatar tukunyar tana da huji a ƙasa, kuma kafin ban ruwa a tura yatsa cikin ƙasar: idan da laima, a dakata. A lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma.

Kwari da abokan lambu

A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa, har farashinsa ya ninka a faɗin ƙasar. A lambun gida ana gane ta da fararen tabo a cikin ganye. A tsinke ganyen a ƙona da wuri. Ga ƙananan kwari kuwa, darbejiya magani ce: a daka rabin kilo na busassun 'ya'yanta, a jiƙa a lita 10 ta ruwa ya kwana, a tace, a fesa da yamma lokacin da ƙudan zuma suka koma.

Ba kowace halitta ce abokiyar gaba ba. Ƙadangare da kwaɗo da bushiya suna cin kwari, ƙudan zuma kuma su ne ke sa kabewa da gwaiba su yi 'ya'ya. Kasko mai ɗan ruwa a inuwa yana janyo kurciya da ƙananan tsuntsaye a bazara, sai dai a riƙa zubar da ruwan ana sakewa duk bayan kwana biyu, domin sauro na iya ƙyanƙyashewa ya girma cikin kimanin mako guda. Tarin duwatsu da itace a nisanta su daga ɗakunan kwana saboda kunama da maciji, a kuma yi wa lambun shinge da kara ko aguwa domin awaki da kaji.

Ga mai farawa, buhu uku sun isa: na alayyafo, na kuɓewa da na tattasai. Idan suka yi kyau a daminar farko, sai a ƙara tumatir da shigowar hunturu.