Dukiya a Kurmi, Magada a Arewa: Wasiyya da Wakafi a Zangon Inugu, Anacha da Fatakwal

Zaman Hausawa a Inugu ya kusa zama tsaran garin kansa. An gano kwal a Udi a 1909, layin dogo ya haɗa mahaƙar da tashar jirgin ruwa ta Fatakwal a 1916, fatake suka biyo da shanu da wake da albasa suka sauka a Ogbete, wadda ta faro daga sansanin leburorin kwal. Zuwa shekarun 1950 zaman ya yi nisa har aka zaɓi Malam Umaru Altine, ɗan ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garin Inugu na farko. Mutanen da suka haura shekara ɗari a wuri ba 'yan ci-rani ba ne, amma har yau yawancinsu suna riƙon dukiya kamar wanda zai tashi gobe da asuba. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, a irin wannan zama, wasiyya da kyauta da wakafi su ne ke tsare hakkin magada, kuma rubuta su ba ya karo da rabon da Allah Ya riga Ya yi.

Ilimin fara'id ya fayyace rabon kowa. Bayan kuɗin jana'iza da biyan bashi da zartar da wasiyya, matan mamaci mai 'ya'ya su raba sumuni, namiji ya ɗauki ninki biyu na mace. Abin da fara'id bai ɗauki nauyinsa ba shi ne gano dukiyar da za a raba, kuma nan gizo ke saƙa. A dubi maigida mai saukar da shanu a Gariki ta Inugu ko a Lokpanta. Rabin arzikinsa yana hannun mahauta da suka ɗebi shanu bashi, wani kaso yana wurin dillali a Maigatari ko Potiskum, akwai kuɗin ajiya na mutane da ya gauraya da nasa, ga tirela da suka yi tarayya da wani aminin da babu takarda tsakaninsu. Shaidar duk wannan ɗan littafi ne mai naɗewa a aljihun gaba, an rubuta da ajami, sunaye duk laƙabi: Dogo mai nama, shanu huɗu, saura biyu. Ranar da mai littafin ya faɗi, babu mai iya cewa wane Dogo ake nufi. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Sabon Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya tsayu a kan amana da lamunin maigida. Wannan tsari ya yi wa fatauci rana, sai dai amana ba ta shiga gado, tana bin mai ita kabari.

Sai matsalar mahukunta. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan wakafi da kyauta da wasiyya da gadon Musulmi, amma sashe na 275 ya bar wa kowace jiha zaɓin kafa ta, kuma babu irinta a Inugu ko Anambara ko Ribas. Wanda ya mutu a Kano alƙali zai raba gadonsa. Wanda ya mutu a Anacha, limami da Sarkin Hausawa da dattawan zango ne za su zauna, hukuncinsu kuwa yana da ƙarfi ne muddin kowa ya yarda. Banki ba ya sauraron wannan zama. Takardar izinin kula da dukiyar mamaci yake nema daga Babbar Kotun jiha. Gida kuma yana ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta ce ba a sauya hannun fili mai takardar mallaka sai da yardar gwamna. Rumfar kasuwa ma galibi ta hukuma ce, aron wuri aka ba mutum. Wanda ke ganin tsaron takarda wahalar banza ce ya tuna gidajen da Ibo suka bari a Fatakwal lokacin yaƙin 1967 zuwa 1970, waɗanda aka kira dukiyar da aka yi watsi da ita, da yawa ba su koma hannun masu su ba. Hausawan Anacha sun ga ƙaramin samfurin haka a rikicin Fabrairun 2006.

Buƙatar rubutu kuwa tana sauyawa da shekarun mutum. Saurayin da ke sayar da albasa ba ya buƙatar lauya. Ya ishe shi ya rubuta wa yake bi, wa ke bin sa, shaidu biyu su sa hannu, ya kuma san cewa sunan ɗan'uwa da ya cike a takardar banki bai mai da shi magaji ba.

Magidanci mai ƙananan yara shi ne ya fi kowa haɗari, kuma shi ya fi sakaci. Abu na farko a kansa shi ne naɗa wasiyyi, wanda zai riƙe rabon marayu har su yi hankali, domin in bai naɗa ba, ƙanin uba ne zai karɓi shago da sunan riƙo, a wayi gari riƙon ya zama mallaka. Na biyu shi ne sulusi. Mutum yana da ikon yin wasiyya da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba ga wanda ba magaji ba: mai naira miliyan 9 bayan biyan bashi yana iya ware miliyan 3. A zangon kudu wannan ƙofa tana da nauyi na musamman, domin akwai masu auren 'yar gari da ta zauna a kan addininta. Ba ta gadonsa a shari'a, amma daidai wannan rashin gadon ne ya halatta mata wasiyya. Haka agola, haka yaron shago da ya yi shekara ashirin yana bauta.

Dattijo kuma batunsa wakafi ne da kyauta, kuma a nan mazhabar Malikiyya tana da sharaɗin da mutane ke tuntuɓe da shi: hauzi. Kyauta ko hubusi, wato wakafi, ba su tabbata sai abin ya bar hannun mai shi ya shiga hannun wanda aka bai wa, kafin mutuwa ko ciwon ajali ko karayar arziki. Alhajin da ya ce a gaban jama'a ya bar bene ga makarantar Islamiyya, amma ya ci gaba da karɓar kuɗin haya har ya kwanta ciwo, bai yi wakafi ba. Benen zai koma gado, sai abin da sulusi ya ɗauka in ya yi wasiyya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato da Zamfara suna da nasu, amma zangon Inugu ba shi da inda zai kai. Mafita ita ce amintattu masu rajista ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 2020: masallaci ko makaranta ta zama tana da suna a idon doka, takardar fili ta fita daga sunan liman ko attajiri guda, yadda 'ya'yansa ba za su ce na ubansu ba ne.

Akwai suka mai ƙarfi, kuma ba ta wasa ba ce: duk waɗannan hanyoyi ana iya bin su don cin hakkin magada. A shari'ar Adesubokan da Yinusa ta 1971, Kotun Ƙoli ta yarda Musulmi ya rubuta wasiyya bisa dokar Ingila ta 1837 ya raba dukiyarsa yadda ya ga dama, ko da ta saɓa wa Malikiyya. Ke nan lauyan Fatakwal yana iya tsara wa attajiri yarjejeniyar amana da za ta hana 'ya'ya mata komai, kotu ta sa hatimi. Malamanmu sun daɗe da hango wannan dabara. Mukhtasar na Halil ya lissafa hubusin da aka yi wa 'ya'ya maza aka bar mata cikin waɗanda suka ɓaci. A ganina gyaran yana cikin yadda ake rubutun. Takardar ta faɗa a fili cewa abin da ya rage bayan bashi da sulusi za a raba shi bisa fara'id na Malikiyya, ta ambaci malamin da zai yi lissafi, a ajiye kwafi a rajistar Babbar Kotu, wani kwafin a wurin dangi a Arewa. Da haka alƙalin da bai taɓa buɗe littafin fiƙihu irin Risala ba zai zartar da rabon shari'a, domin abin da ke gabansa nufin mamaci ne a rubuce, dokar da yake aiki da ita kuma ta wajabta masa bin sa.