Kyanwa da rumbu: inda halin mussa ke samo asali

Makalarmu ta wannan mako a kan kyanwa take, ko mussa kamar yadda muke cewa a nan Zamfara.

Mun saba jin ana cewa kyanwar gidan wane lafiyayyiya ce, ta gidan wane kuwa "mai aljanu" ce, ko kallonta ka yi sai ta yi maka huci. Mu dai muna ganin aljanu ba su da laifi a nan.

Asalin kyanwa dabbar daji ce. Kimanin shekara 10,000 da suka wuce, da mutanen Gabas ta Tsakiya suka fara noma suna ajiye hatsi, ɓera ya biyo hatsi, kyanwar daji ta biyo ɓera. Ba wanda ya ɗaure ta ya kawo ta, da ƙafarta ta zo. A 2004 masu tonon tarihi na Faransa suka bayyana wani kabari a tsibirin Sayifurus, mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa kusa da shi. Mu ma nan haka zaman ya kasance, daga rumbunan dawa na ƙauyukan Tsafe da Bungudu har ɗakunan ajiyar gyaɗa na Gusau bayan isowar jirgin ƙasa.

Sai dai jinin dajin bai bar ta ba. Kowane ɗan kyanwa sai an saba da shi daga farko, kuma lokacin yin hakan gajere ne. A shekarun 1980 wata malama a Jami'ar Temple ta Amurka, Eileen Karsh, ta gano cewa tsakanin sati 2 zuwa 7 da haihuwa ne ɗan kyanwa ke koyon yarda da mutum. Wanda ake ɗauka ana shafawa kullum a wannan tsakanin yakan tashi da son mutane. Wanda uwarsa ta ɓoye a bayan rumbu har ya yi wata biyu bai ji hannu ba, da wuya ya sake jiki da kowa. A 1995 Sandra McCune a Ingila ta ƙara da wani abin mamaki: 'ya'yan muzuru mai sakin jiki sun fi ƙarfin hali ko da ba su taɓa ganin ubansu ba. Wato akwai gado, akwai kuma reno.

To, mu ya muke yi? Kyanwa ta haihu, yara su yi ta jifa, ko a zuba 'ya'yan a kwali a kai bola idonsu bai ko buɗe ba. Wanda ya rayu ya zama muzurun da ke cinye mana 'yan tsaki, mu dawo muna tsine masa. Alhali mun san hadisin matar da ta tsare kyanwa da yunwa, mun san inda Abu Huraira ya samo laƙabinsa.

Yau rashin tsaro ya sa iyalai da yawa sun baro ƙauye, buhunan hatsi na jibge a ɗakin da ake kwana. Ɓera na ɓarna, kuma wani nau'insa ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a Borno a 1969. Maganin ɓera da ake barbaɗawa kuwa ba ya bambance ɓera da kaza, balle yaro mai rarrafe.