Yadda Ake Gane Nau'in Bishiya Daga Itacen Girki

A birnin Sakkwato, musamman a yankin Sama Road, iska kan karya rassan itatuwa a farkon damina, jama'a kuma su tsince su domin girki. Saboda haka muka ga ya dace mu bayyana alamomin gane su.

Dogon yaro, wanda aka shigo da shi Nijeriya ta Barno a 1928, ɓawonsa na da tsage-tsage da ɗaci, cikinsa ja-ja. Bagaruwa kuwa ɓawonta baƙi ne mai kaushi, itacenta na da nauyi, garwashinta na daɗewa. Ƙirya ta fi su tauri, shi ya sa maƙera ke son gawayinta. Itacen aduwa rawaya ne, hayaƙinsa kaɗan. Gawo fari ne marar nauyi, yana saurin cinyewa. Tumfafiya kuma a guje ta, domin ƙaronta na cutar da ido.

Muna kira ga jama'a da su tsaya ga busasshen reshe da ya faɗi. Sakkwato na cikin jihohi 11 masu fama da kwararowar hamada, kuma saran ɗanyen itace na ƙara mata ƙarfi.