Daga Zauren Alƙali Zuwa Babbar Kotu: Yadda Dokar Ɓarna da Diyya Ta Iso Lafia

A ce shanu sun kwana a gonar doya a wani ƙauye tsakanin Lafia da Doma, gari ya waye an tarar da kunyoyi a tattake. Abin da zai fara fitowa daga bakin mai gona shi ne a biya shi. Wannan neman biya shi ne tushen fannin da ɗaliban lauya ke kira tot, wato dokar ɓarnar da wani ya yi wa wani a jikinsa, ko dukiyarsa, ko mutuncinsa, da diyyar da ke biyo baya. Laifin da hukuma ke hukuntawa da ɗauri ko tara daban yake. A nan mutum ne ke neman haƙƙinsa a hannun ɗan'uwansa mutum. Amsar da mai gonar nan zai samu kuwa ta danganta da ƙofar kotun da ya shiga, da kuma jihar da gonar take.

Tsarin mulkin 1999 ya jera abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, ya kuma jera waɗanda take tarayya da jihohi a kansu. Ɓarna da diyya ba su cikin ko wanne jeri, don haka sashe na 4 ya bar su a hannun majalisun jihohi. Ɗalibin da ke karatu a tsangayar shari'a ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi zai haddace littafin Kodilinye na dokar ɓarna, ya san shari'o'in Legas da na Landan, amma ranar da ya tsaya gaban alƙali a Lafia za a tambaye shi dokar da ke aiki a nan. Ita kuwa gado ce da ta bi ta hannu da yawa kafin ta iso.

Muhammadu Dunama, Babarbare, shi ya kafa Lafia wajen ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa ake ce mata Lafiyar Barebari. A ƙarni na 19 ta bi Bauchi, Keffi da Nasarawa kuma suka bi Zazzau. Kamar sauran ƙasashen daular Sakkwato, fiƙihun Malikiyya ne ma'aunin alƙali, da Risala da Muhtasar a gefen buzunsa. Fiƙihun nan ya daɗe da tsara lamunin ɓarna. Wanda ya lalata kayan wani zai mayar da irinsa ko ƙimarsa. Kisan kuskure diyyarsa raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, kuma dangin mai kisan na wajen uba ne ke haɗa ta cikin shekara uku, abin da ya yi kama da inshora tun kafin a san sunanta. Kowace gaɓa da kowane rauni da nasa kason. Game da dabbobi, Malikiyya ta raba dare da rana: ɓarnar dare tana wuyan mai dabba, domin shi ya kamata ya ɗaure abinsa, da rana kuwa mai gona ne zai tsare gonarsa, sai fa in makiyayi na tare da dabbobin, ko an sake su dab da gonaki. A kewayen garin, Eggon da Alago da Migili da Gwandara da Tibi suna da dattawansu da hanyoyinsu na sasanta ɓarna, inda gyara zumunci kan zo gaba da lissafin kuɗi.

A ranar 1 ga Janairu, 1900, Lugard ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, kuma ranar ta zama turke a tarihin shari'armu. Dokokin da suka kafa kotunan Turawa sun ce abu uku za su yi aiki: hukunce-hukuncen da alƙalan Ingila suka gada kaka da kakanni, ƙa'idojin adalci da ke sassauta su, da dokokin majalisar Ingila na gama-gari waɗanda ke aiki a wannan rana. Kotunan alƙalai da na sarakuna an bar su suna shari'a da Musulunci da al'ada, bisa sharaɗin kada hukuncin ya ci karo da abin da Bature ya ɗauka adalci ne da lamiri mai kyau. Lafia ta fara zama cikin Lardin Nasarawa, da aka rushe shi a 1926 ta koma Lardin Binuwai. Talaka a wancan zamani ba shi da haɗi da kotun Bature. Ƙararsa ba ta wuce zauren alƙali.

Turken 1900 ya haifar da wani abu da ya kamata ɗalibi ya riƙe da kyau. Hukuncin alƙalan Ingila ya ci gaba da shigowa. A 1932 aka yanke shari'ar Donoghue da Stevenson, ta matar da ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar lemo, inda Lord Atkin ya kafa ƙa'idar cewa kowa ya kiyaye kada sakacinsa ya cuci wanda aikinsa zai iya shafa. Kotunanmu sun karɓi wannan, har Kotun Ƙoli ta yi aiki da shi a 1985 a shari'ar Nigerian Bottling Company da Ngonadi, kan firijin kananzir da ya fashe. Amma gyaran da majalisar Ingila ta yi bayan 1900 bai ƙetaro ba. Tsohuwar ƙa'idarsu ta ce in wanda aka cuta yana da hannu a abin da ya same shi, komai ƙanƙantarsa, ba shi da ko anini. Su sun gyara wannan a 1945, mu aka bar mu da tsohon yayi. Haka ma batun dabbobi: sun sake tsari a 1971, alhali a nan tsohuwar ƙa'idar na nan, wadda ta ɗora wa mai shanu alhakin shiga gonar wani dare ko rana, ko da bai yi sakaci ba, sai dai in sun kauce ne daga hanyar jama'a ana kora su bisa ƙa'ida. Ka ga gona ɗaya, shanu ɗaya, amma ma'auni biyu.

Tsarin mulkin 1954 ya ba kowace jiha ta lokacin kotunanta da ikon yin dokarta, daga nan hanyoyi suka rabu. Jihar Yamma ta yi dokar ɓarna tata a 1958, a 1959 kuma ta sallami dokokin majalisar Ingila bayan ta kwafi waɗanda take so. Legas ta yi nata gyare-gyaren a 1961. Arewa ta bi a hankali. Dokar Babbar Kotu ta 1955 ta riƙe turken 1900 a sashe na 28, ta kuma tanadi matsayin al'ada da shari'ar Musulunci a sashe na 34. A 1957 majalisar Arewa da ke Kaduna ta yi dokar da ta ba alƙali damar raba laifi: in direba na da kashi 70 na sakaci, mai tafiya a ƙasa na da 30, sai a rage diyyar daidai da haka. Ita ce kuma ta ba wanda ya biya diyya shi kaɗai damar bin abokin ɓarnarsa ya biya nasa kason.

Wadda ta fi burge ni ita ce dokar haɗarin da ya jawo mutuwa, ta 1956. A asalin dokar Ingila, in mutum ya ji rauni yana iya ƙara, in ya mutu kuwa iyalinsa ba su da ta cewa, har sai da majalisarsu ta toshe wannan gibi a 1846 da jirgin ƙasa ya fara cin rayuka. Tasu dokar ta san mata ɗaya, da miji, da iyaye, da 'ya'ya. 'Yan majalisar Arewa suka dubi gidajenmu suka ga rigar ba ta yi mana daidai ba. Sai suka ambaci mata ko matan aure. Ga mai bin al'ada suka shigar da 'yan'uwa maza da mata. Ga Musulmi kuma suka ce iyalinsa su ne waɗanda shari'a ta ba kaso a diyyar kisan kuskure. Kalmar diyya ta shiga cikin dokar da aka rubuta da Turanci, kuma alƙalin Babbar Kotu ya zama dole ya san rabon gado kafin ya raba kuɗin haɗarin mota. A ganina wannan aiki ne na mutanen da suka san jama'arsu. Duk wanda ya san hawan dutsen da ke wajen Nasarawa Eggon, a hanyar Akwanga zuwa Lafia, da irin gawarwakin da aka kwasa a wurin, ya san dokar nan ba ta ado ba ce.

Kundin laifuffuka na Arewa, Final Kod, ya fara aiki a 1960, bayan shawarar kwamitin masana na 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Sashe na 78 ya ba kotu ikon sa mai laifi ya biya wanda ya cuta. Wannan ya taimaka wajen sa ɓarnar gona, da duka, da ɓata suna su riƙa bi ta ofishin 'yan sanda su ƙare da biya a kotun laifi, maimakon doguwar ƙarar diyya mai cin kuɗin lauya. A 1963 aka tattara dokokin Arewa a kundi guda, wanda har yau lauyoyi ke ɗauko shi.

Sauran tarihin na rabon gado ne. A 1967 Lafia ta shiga Jihar Binuwai da Filato, kotunan En'e suka zama kotunan yanki ƙarƙashin gwamnatin jiha, a 1976 ta faɗa Filato, a ranar 1 ga Oktoba, 1996 kuma gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiri Nasarawa da hedikwata a Lafia. Kowane rabo, sabuwar jiha takan tashi da dokokin uwarta har sai ta yi nata. Saboda haka takardar ƙara a Lafia na iya ɗauke da dokar da aka yi a Kaduna, ko a Jos, da bayanin cewa tana aiki a Nasarawa.

Inda wannan ya fi ciwo shi ne wa'adin shigar da ƙara. Shekaru da dama Arewa na aiki da dokar Ingila ta 1623, wadda aka yi tun kafin a haifi kakan Dunama. A 1988 Filato ta yi tata, ta sa wa'adin gama-gari na shekara biyar ga ƙarar ɓarna, alhali a Legas shida ne. Lauyan da ya haddace na Legas ya zo a shekara ta shida, ya kashe ƙarar wanda ya ɗauke shi, komai ƙarfin hujjarsa. Wadda ta fi wannan kaifi ita ce dokar kare jami'an gwamnati, Babi na 111 a kundin 1963: wata uku kacal. A shari'ar Ibrahim da Kwamitin Ma'aikatan Shari'a na Jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta ce kariyar ta haɗa har da hukumomi, ba mutum ɗaya ɗaya kaɗai ba. Wanda motar hukuma ta buge yana iya cinye wata ukun nan a gadon asibiti. Ni dai ban ga adalci a wannan wa'adi ba, kuma majalisar jiha na da ikon tsawaita shi a kan jami'anta.

Nasarawa ba ta shiga sahun jihohi 12 da suka faɗaɗa shari'ar Musulunci daga shekarar 2000 ba. Tana da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ta Al'ada, sai dai sashe na 277 na tsarin mulki ya taƙaita ta Shari'a ga aure, gado, wasiyya, waƙafi, kyauta da riƙon yara. Ƙarar ɓarna ta fi bin hanyar Babbar Kotu, zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Makurɗi, zuwa Kotun Ƙoli a Abuja. Tun da Binuwai ta hana kiwon sake a Nuwamban 2017, shanu suka yi ta kwararowa Awe, Keana, Obi da Doma, tsohuwar tambayar wa zai biya ɓarnar gona ta zama maganar rai da mutuwa. Yawancin irin wannan rigima a fadar hakimi ko gaban kwamitin sulhu ake kashe ta, kuma abin da aka yanke can ba ya shiga littafin da ɗalibi ke karantawa.

Tun 2019 Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad ne Sarkin Lafia. Daga kujerar Kotun Ƙoli ya taso ya hau gadon Dunama. Garin da ke da irin wannan sarki ya cancanci dokar ɓarna guda, a rubuce, wadda ta san burtali da gonar doya da babur ɗin haya, a kuma fassara ta da Hausa don manomi da makiyayi su ji da kunnensu. Kafin ranar ta zo, ɗalibi, in ka gama da Kodilinye ka je ɗakin karatu na Babbar Kotu ko Ma'aikatar Shari'a a Lafia, ka nemi kundin 1963, da dokokin Filato na kafin 1996, da gazet ɗin Nasarawa na baya-bayan nan, ka karanta su da idonka kafin ka karɓi ƙarar kowa.