Yadda Tangaraho Ya Zama Mai Ba Jiragen Ƙasa Hanya a Amurka

A farkon zamanin jirgin ƙasa a Amurka, yawancin layukan dogo guda ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke bi. Abin da ke hana su yin karo shi ne jadawalin lokaci: jirgi kaza zai tsaya a tasha kaza, ya jira ɗan'uwansa ya wuce. Matsalar ita ce, idan wanda ake jira ya makara, sai kowa ya zauna zaman jiran tsammani, babu mai sanin inda yake.

Ranar 22 ga Satumba 1851, Charles Minot, babban jami'in kamfanin Erie, yana cikin wani jirgi da ya tsaya jira a tashar Turner's, a jihar New York. Da jiran ya ishe shi, sai ya buga tangaraho zuwa Goshen, mil 14 a gaba, ya tambaya ko jirgin da ake jira ya iso. Aka ce bai iso ba. Ya umarci ma'aikacin tashar ya tsare shi idan ya zo, sannan ya rubuta wa direban jirgin da yake ciki takardar izinin wucewa. Direban ya ƙi. Ba za a ga laifinsa ba, domin a lokacin ɗora rai a kan saƙon waya kasada ce. Minot ya hau injin ya tuƙa da kansa.

Daga nan aka samu sabon ma'aikaci, mai tsara zirga-zirga. Yana zaune a ofis da faffadar takarda a gabansa, yana juya jiragen da bai taɓa gani da idonsa ba. Ƙarfin aikin kuwa a kalmomi yake. Idan ya aika umarni, dole ma'aikacin kowace tasha ya maimaita masa shi kalma bayan kalma, shi kuma yana ja wa kowace kalma layi a littafinsa, kafin ya ce umarnin ya cika. A 1887 kamfanonin suka amince da dokoki na bai ɗaya. Takardar umarni mai lamba 31 sai an sa mata hannu, don haka jirgi kan tsaya. Mai lamba 19 kuwa a kan maƙala ta a zoben sanda, a miƙa wa direba jirgi na tafiya.

Duk wannan ba ya aiki sai agogo ya zama ɗaya. Kamfanonin jirage ne suka raba ƙasar zuwa shiyyoyin lokaci a Nuwamba 1883, kuma karon da aka yi a Kipton, jihar Ohio, a 1891, ya sa aka tsananta binciken agogon ma'aikata.

Tarho ya maye gurbin tangaraho sannu a hankali. A 1927 kamfanin New York Central ya kafa na'ura tsakanin Stanley da Berwick a Ohio, wadda ta ba mutum ɗaya damar juya layi da fitilun hanya daga kujerarsa. A shekarun 1980 rediyo ya kawar da yawancin ma'aikatan ƙananan tashoshi, direba ya koma karɓar izini kai tsaye daga ofis, yana rubutawa, yana maimaitawa.