Yadda Kwano da Katanga Suka Ɗumama Gidajen Kafanchan

Tsohon ɗakin mutanen Kagoro da Ham da Atyap ba irin zagayayyen ɗakin ƙauyukan Kano ba ne. Siffar ƙwai gare shi, jinkarsa ta yi tsini ta baya ta gangaro doguwa zuwa ƙofa, har da rumbu a cikinsa. Baturen mulki A.J.N. Tremearne, wanda ya yi aiki a ƙasar Jama'a, ya bayyana wannan gini a littafinsa na 1912.

Maginan sun san ƙasarsu. Ruwan da ake yi a yankin Kafanchan ya kusa ninka na Kano, don haka soron ƙasa mai shimfiɗaɗɗen rufi ba ya jure damina. Sai jinka mai gangara. Ciyawa mai kauri tana tare rana, iska mai zafi kuma tana sulalewa ta cikinta. Bangon laka yana shan zafi a hankali duk yini, ba ya sako shi sai dare ya yi sanyi. Abin da ya fi damun mutanen wannan yanki mai tsayin sama da mita 700 daga matakin teku ma shi ne hunturu, shi ya sa ake gina gadon ƙasa da gurbin hura wuta a ƙarƙashinsa.

Jirgin ƙasa ne ya sauya lissafin. A 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar layin Fatakwal da Kaduna da Jos, a 1933 kuma fadar Sarkin Jama'a ta ƙaura zuwa garin. Kwano da siminti suka riƙa sauka a tasha. Babu wanda zai ga laifin mai gidan da ya rungumi kwano: gobara ba ta cinye shi, gara ba ta taɓa shi, ba a neman sabuwar ciyawa bayan 'yan shekaru. Amma gidajen manyan ma'aikatan jirgi sun zo da kwanonsu tare da dogon bango da silin da faffaɗar baranda. Talaka ya ɗauki kwanon kaɗai ya ɗora a kan gajeren bango, kuma a watan Maris da Afrilu ɗakin ya zama tanda.

Sauran kariyar ta tafi ɗaya bayan ɗaya. Bulon siminti ya maye gurbin laka. Tagogi masu falle-fallen gilashi, waɗanda ke buɗewa kusan gaba ɗaya, suka ba da wuri ga na alminiyam da ake turawa gefe, alhali rabinsu kawai ke buɗewa. Bayan rikicin da aka yi a garin a 1987 da na 2011 mutane da yawa sun ɗaga katanga, kuma wanda ya ga abin da ya faru ba zai zarge su ba. Sai dai katangar da ta tsaya taku biyu daga taga tana tare iska. Mangwaron tsakar gida ya faɗi don a samu wurin ɗakunan haya.

Fanka da na'urar sanyaya ɗaki sun daɗe suna rufe wannan asiri. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, janareta ya daina zama mafita mai sauƙi, kuma ƙaramar na'ura tana cin wutar fanka kusan goma.

A nan ne ya kamata mai gida ya tsaya ya sake duba gininsa, kafin ya je kasuwa neman babbar na'ura. Alamar da ta fi kowace bayyana tana zuwa da dare: idan ƙarfe goma ta yi, tsakar gida ta huce amma ɗaki yana nan da zafinsa har yara suna fito da tabarma waje, ginin ne ke riƙe zafi. Haka idan tafin hannu ya ji ɗumin silin da la'asar, ko na'ura tana aiki ba hutu ɗaki bai yi sanyi ba, ko bango ya fara funfuna a watan Agusta. Duk lokacin da aka ƙara ɗaki, ko aka sauya rufi, ko maƙwabci ya ta da bene a gefen da iska ke shigowa, tsarin farko ya tashi daga aiki.

Gyaran sau da yawa aikin kafinta da birkila ne: a buɗe mafitar iska tsakanin kwano da silin, a fasa taga ta biyu a bangon da ke fuskantar ta farko, a yi rumfa a bangon yamma inda ranar la'asar ke duka.