Keke mai batir: marar nauyi ko mai nauyi, wanne ya dace da manomi?

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira 1,000. Kai da ke noma a Magami ko ƙauyukan Tsafe da Bungudu ka fi na birni jin abin a jikinka, domin kafin man ya iso maka an ɗora kuɗin hanya a kansa. Shi ya sa keke mai batir ya cancanci a duba shi. Keke ne mai feda kamar wanda ka sani, sai dai an sa masa ƙaramin inji da batir da ke taimaka wa ƙafarka. Irin da ya dace da hanyoyinmu shi ne wanda aka ƙera don hawan duwatsu da hanyar daji, mai taya mai kauri da birki mai ƙarfi. Shi ma kashi biyu ne, marar nauyi da mai nauyi, kuma a nan mutane ke yin kuskuren da ke cinye kuɗin amfanin gona na shekara guda.

Yadda masu ƙerawa suka raba su

A Turai da Amurka, inda aka fi sayen irin wannan keke don wasa da motsa jiki, marar nauyi yakan kai kilo 16 zuwa 20. Batirinsa ƙarami ne, Wh 320 zuwa 430, injinsa kuma yana da ƙarfin murɗawa Nm 50 zuwa 60. Mai cikakken ƙarfi yakan kai kilo 22 zuwa 25, da batir mai Wh 625 zuwa 750, da inji mai Nm 85 irin na Bosch da Shimano. Waɗannan tsadarsu ta wuce aljihun ƙaramin manomi. Abin da za ka fi samu a Kano ko Kaduna shi ne ƙirar Sin mai inji a tsakiyar tayar baya, amma rabon ɗaya ne: akwai na kilo 20 zuwa 25, akwai kuma masu ƙatuwar taya da ke haura kilo 30, wasu har sun fi kama da babur.

Wh shi ne ma'aunin wutar da batir ke ɗauka, kamar yadda lita take ga tankin babur. Ka duba jikin batirin, za ka ga lamba mai V da lamba mai Ah. Ka ninka su. 36V sau 10Ah ya ba ka 360. 48V sau 15Ah ya ba ka 720. Wannan lissafin ya fi duk abin da mai shago zai gaya maka da baki.

Nauyin da ke yi maka aiki da wanda ka ke yi wa aiki

Ba kowane nauyi ne aibi ba. Idan kilo ɗin da aka ƙara yana cikin ƙarfen jikin keken, ko kaurin taya, ko girman batir na litiyam, to ka sayi wani abu da kuɗinka. Amma akwai nauyin banza, wato batirin dalma, irin mai kama da na babur ko na sola. Guda huɗu masu 12V da 20Ah sukan kai wajen kilo 26, alhali batirin litiyam mai ɗaukar wuta daidai da su bai wuce kilo 5 zuwa 6 ba. Na dalma ya fi araha ranar saye, amma ba ya son a zuƙe shi ƙarƙaf, zafi kuma yana saurin kashe shi. Ka tambaya kai tsaye: dalma ne ko litiyam? In an yi maka kwana-kwana, ka ɗaga keken da hannunka, nauyin zai ba ka amsa.

Kada kuma ka ɗauka batir ninki biyu yana nufin nisa ninki biyu. A kiyasce, marar nauyi, kai kaɗai kana taka feda a kan burji, yana shan Wh 12 zuwa 15 a kilomita, wato batir mai 360 zai kai ka kilomita 25 zuwa 30. Mai nauyi, da kaya a baya, cikin rairayi, kana murza hannu ba ka taka feda, yana iya shan 20 zuwa 25, sai mai 720 ya tsaya a kilomita 30 zuwa 35. Nisan da aka rubuta a kwali an auna shi ne a kan kwalta da mutum marar kaya. Ka rage kashi ɗaya cikin uku kafin ka yarda da shi.

Ranar da batir ya mutu a hanya

Wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci a yankinmu, kuma ba a rubuta ta a takardar keke. Kowa ya san yadda hanyar Gusau zuwa Magami da Ɗansadau take, ba wurin da mutum zai so magariba ta riske shi yana turin ƙarfe ba ne. Keke mai kilo 20 in wuta ta ƙare ya koma keke, ka taka shi har gida. Ka iya saɓa shi a kafaɗa ka tsallake kwazazzaɓo ko rafin da ya kawo ruwa a watan Agusta, ka iya ɗora shi a saman mota. Mai kilo 35 kuwa, musamman in taɓo ya kama tayarsa, sai mutum biyu. Don haka idan gonarka tana da nisa, ko hanyar ƙafa ce mai ratsa kwari, ko aikinka zagaye ne, kamar duba gona, kai abinci ga 'yan ƙodago, ɗaukar famfon feshi mai lita 16, marar nauyi ya fi maka.

Akwai kuma batun doka. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Zamfara ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, ta hana sayar da mai a jarka saboda matsalar tsaro. Keken da ya yi kama da babur zai iya fuskantar tambayar da ake yi wa babur a shingen jami'an tsaro. Ka bincika matsayinsa a ƙaramar hukumarku kafin ka biya kuɗi.

Idan kaya ne damuwarka

A nan mai nauyi ke da bakin magana, musamman a hawa irin na gefen dutsen Kwatarkwashi ko tuddan Tsafe. Amma ka san iyakarsa. Kariyar baya ta yawancin kekuna an yi ta ne don kilo 25, wato jarkar ruwa ɗaya. Jimillar abin da keken zai ɗauka, kai da kayanka, galibi kilo 120 zuwa 150 ne, wasu kamfanonin ma har da nauyin keken suke ƙirgawa. Buhun taki mai kilo 50 sai keken da aka ƙera don dako, mai kariya haɗe da jikinsa. Buhun masara mai kilo 100 ba aikin keke ba ne ko wane iri, wannan sai amalanke ko babur mai ƙafa uku. Injin da ke cikin taya in an matsa masa da kaya a dogon hawa yakan yi zafi har ya ƙone, gyaransa kuma ba a ƙauye ake yi ba.

Caji da zafi

Caja mai 2A tana cika batir mai 10Ah cikin awa 5, mai 15Ah kuma awa 7 zuwa 8. Inda wutar gwamnati ba ta zuwa, ƙaramin batir faifan sola mai wat 200 ya ishe shi a yini guda, babba kuma yana son wat 300 ko fiye, ban da inbata. Ka sa wannan cikin kuɗin keken tun farko. Ka nemi wanda batirinsa ke cirewa, don ka kai shi wurin caji ka bar keken a gida.

Daga Maris zuwa Mayu zafin Gusau yana haura digiri 40, batirin litiyam kuma ba a so a yi masa caji in zafinsa ya wuce 45. In ka dawo gona ka bar shi ya huce a inuwa. Kada ka yi caji a ɗakin kwana, ko kusa da rumbu da harawa, domin wutar litiyam tana da wuyar kashewa.

Ga ƙungiyoyin manoma

Ƙungiyar da za ta saya wa membobinta ta fara da guda biyu, ɗaya daga kowane kashi, a gwada su damina ɗaya a rubuta nisan da kowanne ke yi. Bayan nan a sayi iri ɗaya, don batir da caja su yi wa juna. A zaɓi taya mai lamba 26, wadda mai faci na kasuwar ƙauye ke da tiyub ɗinta, domin tsidau da ƙayar bagaruwa ba sa bambanta keke mai tsada da mai araha. Taya mai lamba 29 ko ƙatuwar nan mai faɗin inci 4 sai an aika birni. Kafin a biya, a sa mai shago ya rubuta farashin sabon batir da tsawon garantinsa a jikin rasit.